Abin da neman gurbi a manyan kamfanonin lauyoyin Landan ke ci

A shekarar 2024 kamfanin lauyoyi na Freshfields ya ɗaga albashin sabon lauya zuwa fam 150,000 a shekara. Ba a jima ba Linklaters da Clifford Chance da A&O Shearman suka bi sahu, wasu kamfanonin Amurka da ke da ofis a Landan kuwa har fam 180,000 suke bayarwa. Wannan adadi shi ke yawo a bakin ɗaliban shari'a, shi ne kuma ke kaiwa kunnen iyayen da suka tura 'ya'yansu karatu Ingila. Ni kuma hankalina ya fi karkata ga kuɗin da ake kashewa kafin a kai ƙofar, da wanda ke biyan su.

Hanyar da aka saba ita ce kwantiragin horo na shekara 2. Kamfani ya ɗauki matashi, ya zagaya da shi sassa huɗu, wata 6 a kowane sashe, sannan in an gamsu da shi a riƙe shi a matsayin cikakken lauya. Babban kamfani kan ɗauki mutum ɗari ko ƙasa da haka a shekara, masu nema kuwa dubbai ne. Ba masu digirin shari'a kaɗai ba, har wanda ya karanta tarihi ko lissafi yana cikin layin, kuma ana ɗaukarsu sosai. Tun daga nan lissafin ya nuna inda ya dosa: mafi yawan waɗanda za su biya farashin neman ba za su taɓa ganin albashin ba.

Abu na farko da ke tafiya shi ne lokaci. Kamfanonin na ɗaukar mutum ne kusan shekara 2 kafin ya fara aiki, don haka ɗalibin da ke shekara ta biyu a jami'a, lokacin da ya kamata ya duƙufa kan karatu, shi ne ke zaune da dare yana cike fom. Kowane kamfani da nasa tambayoyin: me ya sa mu, me ya sa dokar kasuwanci, wace yarjejeniyar ciniki ce ta burge ka kwanan nan. Ba a yarda ka kwafi amsar wani ka liƙa wa wani ba, alhali kamfanonin kansu aikinsu kusan iri ɗaya ne, abokan cinikinsu ma bankuna ne da manyan kamfanoni iri ɗaya. Sai yaro ɗan shekara 20 ya ƙirƙiri soyayya ta musamman ga kowannensu. Bayan fom sai gwajin Watson Glaser na auna tunani, sai hira da kyamarar kwamfuta ba tare da ɗan Adam a gabanka ba, sai yinin tantancewa a ofis, sai zaman mako biyu na lokacin hutu wanda shi ma gwaji ne tun daga gaisuwar safe har cin abincin dare. Wanda ya faɗi a matakin farko, galibi saƙon na'ura ne zai same shi, babu dalili, babu gyara. Sai ya jira baɗi.

A nan ne nake ganin rashin adalcin ya fi ɓoyuwa. Ana cewa ƙofa a buɗe take ga kowa, kuma fom ɗin kyauta ne. Amma ɗalibin da ke aiki a kanti da yamma don biyan haya ba shi da daren da zai zauna karanta jaridar Financial Times don ya iya "fahimtar kasuwanci" da ake ta nema. Wanda kawunsa lauya ne ya riga ya san yadda ake magana a irin waɗannan ɗakuna. Kamfanonin sun ƙirƙiro shirye-shiryen taimakon 'ya'yan talakawa, ban musa ba, wasu ma na biyan kuɗin jirgin ƙasa. Sai dai ba mai maido maka da sa'o'in da ka kashe.

Sai jarrabawa. A 2021 hukumar SRA mai kula da lauyoyin Ingila da Wales ta kawo jarrabawar SQE mai kashi biyu, da alƙawarin cewa za ta rage tsada ta faɗaɗa hanya. Kuɗin zama kashi biyun ya fara ne daga fam 3,980, zuwa ƙarshen 2024 ya kai fam 4,790. Wannan kuɗin zama ne kawai, ban da kwas ɗin shiri, wanda a manyan makarantu ke haura fam 10,000, ban da kuɗin zaman Landan. Kashin farko tambayoyi 360 ne na zaɓi amsa, kuma kusan rabin masu zama ke faɗuwa a kowane zagaye. Dama 3 kawai mutum ke da ita cikin shekara 6. Duk wannan a kan bashin jami'a na fam 9,250 a shekara, farashin kafin 2025, da ɗan ƙasa ya riga ya ɗauko.

Wanda ya samu gurbi, kamfani ne zai biya masa, har da kuɗin abinci. Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Akwai kamfanonin da ke janye tayinsu idan ka faɗi a zaman farko, kwantiragin wasu kuma ya ba su damar neman a maido musu kuɗinsu. A 2024 kamfanin Kaplan da ke shirya jarrabawar ya amince cewa ya sanar da mutum 175 sun faɗi alhali sun ci, saboda kuskuren haɗa maki. Kafin a gano, wasu daga cikinsu an riga an ƙwace musu gurbi.

To a ce ka shiga. Albashin mai horo a manyan kamfanoni ya haura fam 50,000, kuɗi ne mai kyau, ba zan raina shi ba. Abin da ake saye da shi shi ne rayuwarka a yanke minti shida-shida, don haka ake rubuta lokacin aiki a caji abokin ciniki. Aikin ɗan horo kuwa yawanci duba takardu ne, gyaran lambobin shafi, da jiran sa hannu har tsakar dare. Binciken da ƙungiyar LawCare ta fitar a 2021 ya nuna kashi 69 cikin 100 na ma'aikatan shari'a da suka amsa sun yi fama da matsalar ƙwaƙwalwa a cikin shekara guda kafin binciken. Kuma bayan shekara 2 ba kowa ake riƙewa ba.

Waɗanda suka rasa fa? Da yawa sukan shiga aikin mataimakin lauya da ƙaramin albashi, suna sake nema kowace kaka. Tsarin SQE ya yarda a haɗa irin wannan aiki na shekara 2 daga wurare har 4, in an ci jarrabawar a zama lauya, wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai takardar ba ta tilasta wa kowa ya ɗauke ka aiki, kuma manyan kamfanonin har yanzu nasu da suka raina suke fifitawa.

Ɗan Najeriya da ya je karatu can, nasa lissafin ya fi nauyi. Kuɗin makarantarsa ya ninka na ɗan ƙasa, ba shi da rancen gwamnati, kuma agogon biza na tafiya. Bizar bayan kammala digiri shekara 2 ce, gwamnatin Birtaniya ma ta sanar za ta rage ta zuwa wata 18. A Afrilun 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru zuwa fam 38,700, abin da ya yi wa aikin mataimakin lauya nisa ƙwarai. Wato tsanin da ɗan ƙasa ke tsayawa a kai ya sake gwadawa, shi da wuya ya same shi. In ya tattara ya dawo gida da digirinsa na Ingila, sai ya fara zuwa Makarantar Horon Lauyoyi da ke Bwari ya yi kashin farko na musamman ga waɗanda suka yi karatu a waje, kafin ya shiga aji ɗaya da waɗanda suka gama a Zariya ko Kano.