Raddi ga Masu Cewa Wayar Tarho Ta Wadatar a Duba Kunne da Hanci da Maƙogwaro

Tun da annobar korona ta tilasta wa asibitocin Ingila a 2020 su mayar da kaso mai yawa na ganin likita ta wayar tarho, wasu ma'abota ra'ayi suka ɗauki abin da larura ta halatta suka mai da shi ƙa'ida, alhali kuwa malamai sun daɗe da tabbatar da cewa hukuncin larura ba ya wuce gwargwadonta.

Babbar hujjarsu ita ce wai bayanin majinyaci shi ne mafi yawan ganewar ciwo. To, mu ɗauki mutum biyu da suka wayi gari kunnen kowannensu na hagu ya toshe, waɗanda in suka buga waya lafazinsu ɗaya ne, amma na farko dattin kunne ne ya cushe masa, na biyu kuwa jijiyar jinsa ce ta samu matsala farat ɗaya, irin wadda in ba a fara ba shi magani cikin kamar mako biyu ba, sau da yawa jin ya tafi ke nan. Abin da ke rarrabe su shi ne likita ya leƙa dodon kunne da fitilarsa, ya kaɗa ɗan ƙarfen nan mai reshe biyu ya ɗora a goshi, ya tambaya ta wane gefe ƙarar ta fi fitowa. Gani ya kori ji. Balle ma, wane adalci ne a ce mai ciwon kunne ya kara waya a kunnen?

Suka ce kuma dishewar murya ai ana jinta ta waya. Haƙiƙa ana ji, sai dai kunne ba ya rarrabe muryar da mura ta disar da wadda sankara ta kama, kuma tun 1854 da Manuel García, malamin waƙa ɗan Sifaniya, ya hango maƙogwaronsa da madubi, wannan fanni a kan mushahada ya ginu.

Batun nisa da tsadar mota, mun sallama musu, domin wanda zai niƙi gari daga ƙauye har cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna don jin sakamakon gwaji kawai, lalle waya ta fi masa alheri. Amma wannan majinyacin an riga an duba shi ido da ido, kuma ƙiyasta sabon zuwa a kansa ƙiyasi ne ɓatacce.