Gabar da Ba Mu Jin Kunyarta

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Yauri kafin 1968 yana da labarin shekarar da ruwa ya taso. Tun 1964 ake aikin madatsar Kainji, ma'aikata na bin ƙauyuka suna ƙidayar ɗakuna da rumbuna, suna gaya wa iyayenmu cewa Kwara za ta daina gudu ta zama tafki. Kunne ya ji, zuciya ba ta gaskata ba. Da aka toshe kogin sai ruwa ya soma hawa, yau ya ci fadama, gobe ya ci gonar albasa, har ya rufe tsibiran da Gungawa suka gada tun kaka da kakanni, ya shafe tsohon garin Busa da ke ƙasa da mu. Mutum wajen 44,000 aka tayar daga mazauninsu. Aka gina musu sababbin ƙauyuka na bulo a kan tudu, aka ce ga gida, a yi haƙuri. Mutumin da bai san wata sana'a ba sai tuƙin kwale-kwale da ban-ruwan albasa ya wayi gari yana maƙwabtaka da Kambari manoman dawa, yana neman inda zai yi shuka a ƙasar da ba ta kakansa ba.

Tafkin bai gama cika ba baƙi suka fara sauka. Kifi ya yi albarka a shekarun farko, labari ya kai nesa. Sarkawa suka ƙaru daga wajen Argungu, Nufawa suka hauro daga kudu, ga Yarbawa masu sayen banda, ga Fulani na neman sabuwar mashaya tunda tsohuwar ta nutse. Daga Wara zuwa Yelwa, daga nan har ƙasar Shanga, harsuna suka cakuɗe a bakin ruwa. Kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba tata ba: akwai raini, mai ɗaci kuwa. Ɗan birni yakan kalli Kambari da Dukawa a matsayin mutanen daji. Akwai gidajen da ba sa ba mahauci 'ya, akwai zuriyar da ake yi wa gorin bauta a bayan ido har jikoki. Mu kanmu mun san zafin abin, domin labarin Bayajida da aka koya mana a makaranta ya jera Yauri cikin Banza Bakwai, tare da Kabi da Zamfara da Nufe.

Abin da muka manta shi ne, iyayenmu ba su bar wannan raini ya yi kiwo sakaka ba. Babban makaminsu kunya. Yaro ya kwaikwayi Hausar Bakambare a kasuwa don a yi dariya, kafin ya rufe baki uwarsa ta ɗaka masa tsawa: "Kul, kada in ƙara ji! Kai ka zaɓi gidan da aka haife ka?" Dattijo ya yi wa wani gorin asali a zaure, sai ka ga tsararrakinsa sun sunkuyar da kai, ɗaya ya ce, "Haba Malam, wannan ba girmanka ba ne." Ba lallai mai rainin ya daina a zuciyarsa ba, amma ya san in ya fito da shi fili, shi ne zai kwana da kunya. Ga kuma wasan barkwanci. Bakatsine ya gamu da Banufe a tashar jirgin ruwa ya kira shi bawansa, Bafillace da Babarbare su yi ta yi wa juna tsiya a kan kuɗin sa, a tashi da dariya da ragi. Hausawa sun ce faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa, magabatanmu kuwa har faɗan da suka gada suka mayar wasa. Inda wasa ya kasa, akwai wurin kai ƙara. Masunta suka yi rikici kan wurin jan taru, Sarkin Ruwa ya zaunar da su. Shanu suka shiga gona, mai unguwa da Ardo su je su duba ɓarna su yanke abin da za a biya. Ragowar aikin aure da ciniki suka ƙarasa shi. Wanda ya ba ka albasa bashi, ya ce sai ka dawo daga kudu ka biya, ba ka tsayawa tambayar yaren kakarsa.

Wannan tarbiyya tana nan da ranta. Je ka bakin ruwa ranar Rigata ka ga jiragen ƙauyuka daban-daban suna tsere, kowa na yi wa nasa kirari, ba mai zagin uwar wani. A taron suna ko ɗaurin aure, in wani ya kuskura ya yi gorin ƙabila, nan take za a kwaɓe shi. To amma a kan tabarmar nan, bari wani ya ce 'yan jam'iyya kaza duk ɓarayi ne marasa tsoron Allah. Ba wanda zai ce masa kul. Wasu ma gyara zama za su yi.

Ita ma wannan gaba ba baƙuwa ba ce a Arewa. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, a shekarar da ta biyo baya NPC ta zama jam'iyyar siyasa. Daga nan gari ya rabu, masu tauraro na kiran Sawaba, masu fartanya na kiran Salama. Waɗanda suka ga zamanin sun ba mu labarin yadda 'yan doka ke kama mutum don ya halarci lacca, alƙali ya ɗaure shi ko ya sa a yi masa bulala. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku. A Kano aka yi 'yan banga da ake kira 'Yan Mahaukata. Amma abin da ya fi tsaya wa tsofaffi a rai shi ne wanda ya faru a cikin gidaje: suruki ya raba auren 'yarsa don miji ya bi Malam Aminu Kano, mutum ya ƙi bin limamin unguwarsu salla, wa ya ƙi zuwa jana'izar ɗan ƙanensa. Waɗannan mutane harshensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya, wasu ma nono ɗaya suka sha. Sojoji sun rushe jam'iyyun a 1966, amma a wasu gidaje sai da mutuwa ta raba gardamar.

Da siyasa ta dawo a 1979, muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Shehu Kangiwa na NPN ya ci gwamna, GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim ce babbar abokiyar hamayya a jihar. Shi Waziri da kira ɗaya ya zaga ƙasa, siyasa ba da gaba ba, kuma kiran ya shiga bakin kowa domin masu sauraro da yawa suna ɗauke da tabon abin da ya wuce. Duk da haka ba a jima ba PRP ta Malam Aminu Kano ta dare biyu a Kano da Kaduna, Santsi da Taɓo, mutanen da suka sha ɗauri tare a zamanin NEPU suka daina gaisawa. Ashe gabar ba ta ma buƙatar jam'iyyu biyu.

In aka ce mu auna, ba zan ce ƙiyayyar siyasa ta fi ƙabilanci zurfi ba. Mutum yana iya sauya jam'iyya da hantsi, amma ba ya sauya uwar da ta haife shi, kuma wanda aka yi wa gorin asali da shi yake tsufa. Inda ta siyasa ta fi haɗari shi ne ba ta da mai tsawata mata. Mai gorin ƙabila ɓoyewa yake yi, mai gabar siyasa kuwa tinƙaho yake yi da ita, a yaba masa a ce ɗan a-mutu ne, mai aƙida, ba ya cin amanar maigida. Har lada ake ba shi. Akwai sojojin baka a gidajen rediyo, akwai yaran da ake saya wa data don su kwana suna zagin sa'o'in iyayensu a Facebook. Tsakanin mai lemar PDP da mai tsintsiyar APC ba mu gaji wasan barkwanci ba, kuma ba mu naɗa wani da zai zaunar da su in sun ɓata ba. Liman yakan yi huɗuba kan haramcin raina mutum don launinsa ko danginsa, mu ce amin, mu fito ƙofar masallaci mu ci naman abokin hamayya, ba tare da mun ji cewa huɗubar ta shafe mu ba.

Ba mu kaɗai ke fama ba. A Amurka, ƙasar da wariyar launin fata ta yi wa babban tabo, wasu malaman jami'a biyu, Shanto Iyengar da Sean Westwood, sun wallafa wani bincike a 2015. Sun ba mutane takardun ɗalibai biyu, suka ce a zaɓi wanda ya cancanci tallafin karatu. A wasu takardun akwai alamar launin fatar ɗalibi, a wasu kuma alamar jam'iyyar da yake so. Inda aka nuna jam'iyya, kusan mutum takwas cikin goma ɗan jam'iyyarsu suka zaɓa, da yawa ma ko da ɗayan ya fi shi maki. Son kai na launin fata bai kai haka ba. Dalilin da malaman suka bayar shi ne wanda muka gani a zaurukanmu: jama'a ta koyi jin kunyar wariyar launi, amma ba ta ɗora wa kowa kunya don ya ƙi ɗan wata jam'iyya ba. A can ma abin ya kai ga aure. A 1960 kimanin mutum biyar cikin ɗari ne ke cewa ransu zai ɓaci in ɗansu ya auro daga ɗaya jam'iyyar, zuwa 2010 kuwa kusan rabin 'yan Rifablikan da kashi ɗaya cikin uku na 'yan Dimokurat ke faɗin haka.

Wani zai ce, ai siyasa ba wasa ba ce, wanda ya hau mulki shi ke yanke ko za a gyara hanya, ko za a sa magani a asibiti. Gaskiya ne, kuma mu mutanen bakin tafki muna da hujjar fushi fiye da yawancin jama'a. Mun ba da gonaki da kaburburan kakanni don ƙasa ta samu lantarki, ga ƙauyukanmu da yawa a cikin duhu. Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgin ruwan da ya taso daga Jihar Neja ya nutse kusa da Wara, rayuka fiye da ɗari suka salwanta. Ba a share hawaye ba, ranar 17 ga Yuni 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai, wasu 'yan matan ba su dawo hannun iyayensu ba sai a 2023. Wanda ya tuhumi masu mulki kan waɗannan abubuwa haƙƙinsa ya nema, wanda ya ƙi su da ƙuri'arsa ma haka. Abin da ya sosa mini rai shi ne yadda muka raba makokin gida biyu a wayoyinmu, wannan na neman abin jifan gwamnati, wancan na neman abin kare ta, iyayen yaran kuwa na tsakiya suna neman taimakon jama'a. Maƙwabcinka da ya dangwala wa wata jam'iyya ba shi ya hana jirgi rigar ruwa ba. Da shi da kai jirgi ɗaya kuke shiga ranar kasuwa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ban tsoro. Matuƙa jirgi a Kainji sun san cewa itatuwan da ruwa ya rufe a 1968 ba su tafi ko'ina ba, kututturansu na nan a ƙasa, in ruwa ya ja baya su suke fasa jirgi. Haka tsohon raininmu yake. Kunya ta rufe shi, lokacin zaɓe kuma sai ya leƙo. A nan ne za ka ji ana raɗa cewa wane ai ba ɗan asalin garin nan ba ne, wane kuma duba addinin mataimakinsa. Maganar da mutum ba zai iya furtawa da sunan ƙabila ba, sai ya furta ta da sunan jam'iyya, ba mai hana shi. Mun ga ƙarshen irin wannan a watan Afrilun 2011, lokacin da zanga-zangar sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ta rikiɗe ta zama kashe-kashen addini da ƙabila. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe mutum fiye da 800 a jihohi 12 na Arewa cikin kwana uku.

Su kuwa waɗanda ake gabar dominsu, hanyarsu daban. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 mun ga jam'iyyun doki da mikiya, mun ga APP da ta koma ANPP, mun ga PDP, ga APC. Sanata Adamu Aliero ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007 a ANPP, ya koma PDP, daga baya ya shiga APC, ya sake komawa PDP a 2022. A watan Mayun 2025 shi da sauran sanatocin jihar biyu, har da Garba Maidoki mai wakiltar shiyyarmu ta kudu, suka koma APC tare. Ba laifinsu nake gani ba a nan. Manya sun san yau da gobe, shi ya sa ba sa yanke zumunci, suna zuwa ɗaurin auren 'ya'yan juna, suna zuwa ta'aziyya. Tausayina yana ga na ƙasa. Na san gidaje a ƙasar Ngaski da cikin Yelwa inda 'yan'uwa suka daina cin tuwo a kwano ɗaya tun zaɓen 2023, ɗaya na lema ɗaya na tsintsiya. Iyayen gidansu na siyasa sun koma inuwa ɗaya, su kuwa har yanzu ba sa gaisawa. Takardar sauya sheƙa a zauren majalisa a Abuja aka karanta ta, ba wanda ya tako zuwa zauren gidansu ya ce, "Kai Yaya, kai ƙane, ku ba juna hannu." Da kan gona ko wurin jan taru suka ɓata, da tuni kawunansu da mai unguwa sun zaunar da su. Ga shi an fara buga gangar 2027, kuma 'ya'yansu da suka tashi suna ganin iyaye ba sa magana sun kusa isa yankar katin zaɓe.