A auna layin bincike kafin a biya kuɗinsa

A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta mayar da tsohuwar Jami'ar Nok da ke Kachia jami'ar tarayya, ta kuma kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, garin da ke da reshen Jami'ar Jihar Kaduna. Nan gaba kaɗan takardun neman kuɗin intanet na waɗannan cibiyoyi za su iso teburan jami'ai a Abuja.

Buƙatar ta gaskiya ce. Cutar da ta lalata gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023 ta nuna haka, domin masanin da ke nazarin irin wannan annoba sai ya aika hotuna da sakamakon gwaji masu nauyi zuwa ɗakunan bincike na nesa. Idan layi ya katse ana tsaka da aikawa, aikin kwana guda kan ci mako.

Matsalar ita ce takardar kwangila girman layin da aka saya kawai take faɗa, alhali abin da ke isa kwamfutar mai bincike kan gaza hakan nesa ba kusa ba. A cibiyar CERN da ke kusa da Geneva, wadda ke rarraba bayananta ga cibiyoyi a ƙasashe fiye da 40, ana ajiye lissafin kowane aike: girmansa, lokacin da ya ɗauka, da dalilin faɗuwarsa in ya faɗi. Manhajar perfSONAR, wadda kyauta ce, tana gwada saurin layi da yawan bayanan da ke zubewa a hanya.

Najeriya na da tushen da za ta ɗora a kai. Tun 2014 aka ƙaddamar da NgREN, hanyar sadarwar da ta fara da haɗa jami'o'in tarayya 27 da tallafin Bankin Duniya.

Don haka ya kamata hukumar NUC da asusun TETFund su gindaya sharaɗi: duk cibiyar da za a ja wa layi a kafa mata na'urar awo, a horar da ma'aikatanta, a riƙa fitar da rahoto duk wata. Rahoton zai nuna inda ɗan kwangila ya gaza, da inda layin ke zaman banza don babu wutar lantarki. Jami'in da zai sa hannu a takardar biya ya fara neman wannan rahoto tukuna.