Kada Awe Ta Rasa Dandalinta

Sanin kowa ne cewa tun kaka da kakanni garin Hausawa ba ya cika gari sai da masallaci da kasuwa da dandali. A dandali ne 'yan mata suke yin gaɗa da farin wata, samari su yi langa da kokawa, in kaka ta yi kuma 'yan dambe su gwada ƙwanjinsu. A nan yaro yake koyon jure kaye, ya kuma koyi bin hukuncin alƙalin wasa ko da bai yi masa daɗi ba.

To, ƙasar Awe, wadda gishirinta ya kai sunanta nesa tun kafin zuwan Turawa, tana da bukatar wannan tsohuwar al'ada fiye da wurare da yawa. Ƙasa ce ta kabilu daban-daban, watau Hausawa da Fulani da Jukunawa da Alago da Tibi, ga manoma ga makiyaya ga masunta a Tunga, bakin kogin Binuwai. Mutanen wurin ba su manta da rikicin shekarar 2001 ba, wanda ya biyo bayan kisan Sarkin Azara, aka yi hasarar rayuka, dubban mutane suka bar gidajensu. Samarin da ba su taɓa haɗuwa a wuri guda ba, sai dai kowa ya ji labarin ɗan'uwansa a bakin masu zuga, su ne suka fi saurin ɗaukar makami. Amma wanda ya buga ƙwallo da ɗan maƙwabcinsa shekara da shekaru, da wuya a ce masa abokin nan dodo ne ya yarda.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Bayan ƙarewar yaƙin basasa a 1970, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fara gasar wasanni ta ƙasa a Legas a 1973, musamman don samarin jihohi su san juna. Abin da aka yi wa Nijeriya gaba ɗaya, ba zai gagari ƙaramar hukuma guda ba.

Har wa yau dokar ƙasa ba ta bar zancen a duhu ba. Tsarin mulki na 1999 ya lissafa gina lambunan shaƙatawa da filayen jama'a da kula da su a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, daidai da tituna da magudanan ruwa. Duk da haka abin da ake gani a garuruwa da yawa shi ne, da zarar gari ya fara bunƙasa, sai a yanka filin wasa a sayar, shaguna su tsiro a inda yara suke guje-guje. Yaran kuwa sai su koma bakin titi da tashar mota, inda masu sayar da ƙwaya suke jiran su.

Lafiya, hedkwatar jihar Nasarawa tun 1996, tana da babban filin wasa inda ƙungiyar Nasarawa United take karɓar baƙi. Awe ba ta bukatar irin wannan gini mai tsada. Ya isa a keɓe fili a kowace gunduma, a rubuta shi a takarda da sunan jama'a da sanin masu unguwanni da hakimai, a dasa darbejiya da mangwaro a kewaye, a ware wa mata da ƙananan yara nasu ɓangaren. Sa'an nan a shirya gasar ƙwallo da kokawa tsakanin Awe da Azara da Tunga bayan an gama girbi. Maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Akiri ma, in an gyara hanyarta, ta isa wurin da iyali za su je su huta ranar salla.

Lalle ya kamata shugabannin ƙaramar hukuma da fadar Sarkin Awe su kama wannan aiki tun filaye ba su ƙare ba, gama filin da aka riga aka yi gini a kansa ba ya dawowa. Allah ya sa a dace.