Ƙarambau da Masu Juna Biyu: Jan Hankali ga Al'ummar Utai

Idan za a iya tunawa, a shekarar 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a kan dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta ƙunshi gwajin cutar ƙanjamau da ciwon hanta da kuma sikila. A ganinmu, wannan zuwa asibiti dama ce da ya kamata amare a Utai da sauran mazaɓun Ƙaramar Hukumar Wudil su yi amfani da ita wajen tayar da maganar ƙarambau.

Jama'a da dama na ɗaukar ƙarambau ciwon yara ne da ke wucewa da kansa. Amma a ƙasashe masu zafi irin namu, mutane da yawa kan girma ba su taɓa yin sa ba. Idan ya kama mai juna biyu yana iya taɓa mata huhu. Idan kuwa cikin yana tsakanin mako 13 zuwa 20, kusan jarirai biyu cikin ɗari kan zo da nakasa a ido ko ƙwaƙwalwa ko gaɓoɓi. Haka nan akwai babban haɗari ga jariri idan ƙuraje suka fito wa uwa daga kwana 5 kafin haihuwa zuwa kwana 2 bayanta.

Allurar riga-kafinsa, wadda Amurka ta amince da ita tun 1995, ba ta cikin jerin alluran yau da kullum da ake yi wa yara kyauta a Nijeriya. Bugu da ƙari, ba a yi wa mai ciki, domin tana ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana. Lokacinta shi ne kafin ciki, a jinkirta ɗaukarsa da wata guda, ko kuma bayan haihuwa, ko da mace tana shayarwa. Wadda ta taɓa yin ciwon galibi ta samu kariya. Wadda ke kokwanto, gwajin jini ne zai tabbatar.

Don haka muna kira ga ma'aikatan lafiya da su riƙa yin wannan tambaya tun ranar awon farko. Dagatai da masu unguwanni da limamai da ungozomomi kuma su faɗakar da magidanta cewa cutar na yaɗuwa tun kwana ɗaya ko biyu kafin ƙuraje su bayyana har su bushe. Mai cikin da ba ta taɓa yi ba, idan ta yi cuɗanya da mai ƙarambau, a hanzarta kai ta Babban Asibitin Wudil, kada a jira ƙuraje. Allah ya sauki matanmu lafiya.