ZAUREN 'YAN'UWA MATA: Kada Ki Riga Allura Shan Ƙwaya

Yau dai za mu ɗan jingine zancen soyayya da na kishiya a gefe guda, mu taɓa abin da in babu shi ita kanta soyayyar ba ta daɗi, wato lafiya uwar jiki.

Duk wadda ta san yankinmu na Mahuta, daga Funtuwa har Malumfashi, ta san mu mutanen noma ne. Da kaka ta yi babu mai zama, ga ɓarar masara, ga cirar auduga, ga roron wake, ga sussuka da surfe. Yamma na yi jiki ya yi tsami, sai a aiki yaro kemis da 'yan canji a ce a ba shi "na ciwon jiki", ɗan kemis ya haɗo ja da fari da ruwan ɗorawa a ƙulle a leda, a watsa a baki a kora da ruwa ba a ko tambayi sunansu ba. Mu kuma 'yanmata namu na ciwon mara ne, kusan kowace da tata ƙwayar a jakar makaranta. To wannan sabo shi ya haifi wata ɗabi'a da nake son mu tattauna a kanta. Da an ce gobe za a yi allurar rigakafi, sai ki ji ana ba juna shawara, "Ke dai sha biyu tun a gida kafin ki tafi, ba za ki ji komai ba." Uwa ma kan ɗura wa jaririnta na ruwa tun kafin ta goya shi zuwa asibiti, wai don kada ya hana ta barci. Tausayi ne, na sani, amma tsaya ki ji.

Wannan magana ta taso da ƙarfi lokacin korona. Za ku tuna cutar ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019, ta shigo Nijeriya ta Legas a ranar 27 ga Fabrairu 2020. Rigakafinta na farko, na kamfanin AstraZeneca, ya sauka Abuja ranar 2 ga Maris 2021, kusan guda miliyan 4, aka fara yi wa ma'aikatan lafiya ranar 5 ga watan. Da yawa cikin iyayenmu da suka yi aikin Hajji a 2022 sai da suka yi ta, don Saudiyya ta sa ta cikin sharaɗi a shekarar. Kowa kuma ya dawo daga wajen allurar da labarinsa, wannan ya ce dantsensa ya yi nauyi, wancan ya ce ya kwana da zazzaɓi da ciwon kai.

Abin da ya kamata ki gane, 'yar'uwa, wannan ɗan zazzaɓin alama ce ta jiki ya kama aiki. Ita allurar rigakafi kamar a kawo wa masu gadin gari hoton ɓarawo ne a ce su haddace kamanninsa. Jiki na ganin baƙon abu sai ya tashi tsaye, wurin ya ɗan kumbura, ya yi zafi, sojojin jini su taru su ƙera makaman da za su riƙa gane wannan cutar duk ranar da ta zo da gaske. Daga cikin abubuwan da ke kai wannan yekuwa a jiki akwai wani sinadari da likitoci ke kira furostagilandin. Shi ne ke jawo zafin da kumburin, shi ne kuma ke murɗa mana mara lokacin al'ada. Magungunan kashe kumburi irin su ibufurofen da daikulofenak da asfirin da Feldene, aikinsu ke nan, su toshe hanyar da jiki ke haɗa wannan sinadarin. Shi ya sa suke mana maganin ciwon mara tsaf. Amma kin ga in kin riga kin toshe bakin mai yekuwa tun kafin baƙo ya iso, akwai fargabar masu gadi ba za su fito da yawa ba.

Masana ba su bar abin a zato ba. A watan Janairu 2021 masu bincike na Jami'ar Yale da ke Amurka suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da ɓeraye. Sun ba su wani maganin kashe kumburi mai suna meloksikam, aka sa musu ƙwayar cutar korona, sai aka ga makaman garkuwar da jikinsu ya ƙera sun gaza na ɓerayen da ba a ba maganin ba. A lura, ɓeraye ne, kuma cutar kanta aka sa musu, ba allurar ba, amma ya isa ya sa likitoci su yi hattara. Tun kafin nan ma, a 2009, an buga wani bincike da aka yi a ƙasar Cek kan jarirai 459. Rabi an ba su farasitamol tun daga lokacin allura ba a jira zazzaɓi ba, rabi ba a ba su ba. Gaskiya zazzaɓi ya ragu, 42 cikin 100 suka yi shi a ɓangaren da aka ba magani, 66 cikin 100 a ɗaya ɓangaren. Sai dai da aka auna jininsu, garkuwar waɗanda aka riga aka ba maganin ta fi rauni, ko da yake mafi yawansu sun sami abin da zai kare su.

Don adalci kuma, lokacin da Jami'ar Oksfod ta Ingila ke gwada waccan allura ta AstraZeneca a 2020, an ba wasu manya farasitamol tun da wuri, ya rage musu wahala, ba a kuma ga ya taɓa garkuwarsu ba. Shi farasitamol dama ba dangin masu kashe kumburi ba ne sosai, zafin jiki da raɗaɗi ya fi saukarwa. Don haka wadda ta riga ta sha kafin tata allurar kada ta ɗaga hankalinta, allurarta ba ta ɓaci ba, ba kuma a ce ta sake wata ba. Da aka haɗa duk wannan, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ita ce kada a sha maganin raɗaɗi kafin allurar korona don gudun abin da bai zo ba, amma bayan an yi, in zazzaɓi ko ciwon jiki ya taso, ana iya shan farasitamol.

Wata za ta ce ai korona ta zama labari, tun ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiyar ta cire ta daga matakin dokar ta-ɓaci. Haka ne, amma allura ba ta ƙare mana ba. Akwai ta kansar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yanmata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023, ta iso jiharmu ta Katsina a 2024. Akwai ta mashaƙo, cutar da ta ɗauke mana yara da dama a Arewa a 2023. Akwai wadda ake yi wa mai ciki wajen awo, da ta sanƙarau ta maniyyata, ga kuma jerin na jarirai tun daga ranar haihuwa. Hikimar ɗaya ce.

To ga abin da za ki riƙe. Ranar allura ki karya kumallo sosai, ki sha ruwa, ki tafi ba tare da ƙwaya ba. In kin dawo dantse ya yi tsami, ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ki ɗora, ki riƙa motsa hannun. In zazzaɓi ya matsa, babba na iya shan farasitamol mai lamba 500 guda biyu, a bar aƙalla awa 4 zuwa 6 kafin a ƙara, kada a wuce guda 8 a yini da kwana, don yawansa na lalata hanta. Na jariri kuwa ma'aikaciyar asibiti ce za ta faɗa miki adadin gwargwadon nauyinsa, kada ki auna da ido. Kada a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin. Mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su nisanci su ibufurofen da daikulofenak sai da izinin likita. Wadda kuma likita ya ɗora a kan magani na kullum, kamar kakanninmu masu ciwon gwiwa ko masu shan asfirin don zuciya, kada ta daina don za a yi mata allura, ta dai gaya wa mai allurar abin da take sha. In ranar ta haɗu da ciwon mararki kuma kin riga kin sha magani, kada kunya ta sa ki fasa zuwa, ki je ki faɗa a yi miki. Zazzaɓin da ya wuce kwana 2 ko 3, ko numfashi ya yi wuya, ko fuska ta kumbura, wannan ba na kemis ba ne, a garzaya asibiti.

Roƙona gare ku ɗalibai, ku da Allah Ya ba karatu, ku riƙa karanta sunan da ke jikin kwalin magani kafin a sha a gidajenku, ku kuma fahimtar da Inna da Gwaggo cikin ladabi da taushin murya. Haɗin da ɗan kemis ya ƙulle a leda babu suna, ki tambaye shi mene ne da mene ne a ciki, matambayi ba ya ɓata.

Nan zan dakata sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu, inda za mu koma kan wasiƙunku da suka taru. Allah Ya ƙara mana lafiya da zama lafiya, Ya ba 'yanmatanmu mazaje nagari, amin.

Taku har kullum, daga Mahuta.