A fara tura kamara ƙasan teku kafin injin haƙa

A ranar 9 ga Maris 2025, na'urar SuBastian ta cibiyar binciken teku ta Schmidt ta ɗauki bidiyon wata dabba a zurfin mita 600, kusa da tsibiran South Sandwich da ke kudancin tekun Atlantika. Jinsin da Faransawa ke kira kalmar ce, mai hannuwa takwas da wasu dogaye biyu na cafkar abinci. Wadda aka gani ƙarama ce, tsawonta santimita 30. Amma babbarta, wadda masuntan New Zealand suka kama a 2007, ta kai kilo 495.

Tun 1925 masana suka san da wannan halitta, daga guntayen jikinta da aka tsinta a cikin tumbin kashalo, ƙatuwar dabbar tekun da ke cin ta. Sai da aka yi shekara 100 cur kafin a gan ta da rai a mazauninta.

Ƴar uwarta mai tsawo, wadda kan kai mita 12, ita ma haka ta wahalar da masana. Sai a 2004 Tsunemi Kubodera da Kyoichi Mori na Japan suka samu hotonta na farko a zurfin mita 900, kusa da tsibiran Ogasawara. Bidiyo kuwa sai 2012. Ba'amurkiya Edith Widder ce ta gano inda matsalar take: ƙarar injuna da farin haske su ke korar dabbar. Ta haɗa kamara marar ƙara mai jan haske, wanda yawancin halittun can ba sa gani, ta rataya mata wata ƴar fitila mai kwaikwayon walƙiyar da wasu ƙananan halittu ke yi idan an kai musu hari. Da kanta dabbar ta zo. A 2019 dabarar ta sake yin aiki a mashigin tekun Meziko.

To, in har dabba mai nauyin bijimi za ta ɓuya wa ɗan Adam ƙarni guda, waye zai bugi ƙirji ya ce ya san abin da ke ƙasan teku? Amma ga shi kamfanoni na hanzarin tura injuna yankin Clarion-Clipperton na tekun Pasifik don kwasar duwatsu masu ɗauke da nikel, kobalt da tagulla. A Afrilun 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu kan umarnin gaggauta wannan aiki. Masu goyon baya na cewa duniya na buƙatar ma'adinan don baturan motoci, kuma haƙa a doron ƙasa ma ɓarna ce. Gaskiya ne. Sai dai ɓarnar doron ƙasa ana ganinta, ana iya auna ta. Laka da ƙarar da injunan za su tayar a cikin duhun teku kuwa, ba wanda ya san iyakar inda za su kai.

Wani zai ce ina ruwan Nijar, ƙasar da ba ta da gaɓar teku. Da ruwanta. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 kan dokar teku ta ce ƙasan tekun da ke wajen iyakar kowace ƙasa gadon dukan ƴan Adam ne, har da ƙasashen da ba su da gaɓa. Nijar na cikin yarjejeniyar, don haka tana da kujera a hukumar da ke kula da wannan gado a birnin Kingston na Jamaika. Mutanen Arlit kuma sun san abin da ake bari a baya idan aka gama haƙa: mahaƙar Cominak ta rufe a 2021, tulin dattin uraniyom na nan.

Ya kamata wakilan Nijar su shiga sahun ƙasashen da ke neman a dakata da haƙar har sai bincike ya yi nisa. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma kuɗin kamara bai kai na gyaran ɓarna ba.